Zaɓen Iri a Oko-Oba

Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji mutanen da.
Ni gwiwata ta gama gudunta a tashar Agege,
shekara ashirin buhu a ka, ina bin motar kaya.
Yanzu zomon zan zaunar, ya haihu a bayan ɗaki,
tsakanin tankin ruwa da katangar mai gida.
Taku huɗu ne. Da ƙafata na auna.

Bara na yi wauta, ba na ɓoyewa.
Na sayi biyu a kwali ɗaya don araha,
ashe wa ne da ƙanwa, nono ɗaya suka sha.
'Ya'yan suka zo kamar matsattsen tsumma,
uku ba su kai Juma'a ba,
na huɗun haƙori ya zarce masa leɓe, ya kasa cin dusa.
Araha ba ta ado.

Shi ya sa yau na yi sammako da Tasalla, autata,
muka ratsa taɓon Oko-Oba, ruwa na yayyafi,
har gidan Iya Morenike mai keji arba'in.
Hausarta ta 'yan kasuwa ce, tawa Yarabancin na dako,
amma zomo ya yi mana tafinta.

Tasalla ta tsaya gaban wani buzu-buzu,
gashi kamar audugar da aka shiɓe.
"Baba, wannan!"
Iya ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame:
"Wannan bargo ne, yarinya. Zufar Legas za ta dafa shi
tun kafin tukunyarku ta gan shi."

Akwai wani ƙato, kai ka ce ɗan akuya ne.
Zuciyata ta tafi, hannuna ya dawo da ita:
na shafa bayansa, ƙashi ne ya fi yawa,
ga ci kamar gara, ga jinkirin girma.
Girman kai rawanin tsiya, girman ƙashi ma haka.

Sai ta ɗago mini fara mai jan ido,
irin Niyuzilan, wata shida da haihuwa.
Ban tambayi kuɗi ba tukuna.
Na leƙa kunne, babu ɓawon ƙazuwa.
Hanci a bushe. Ƙarƙashin wutsiya tas.
Na buɗe leɓe, haƙora sun hau juna daidai.
Na kifa ta a hannu na ƙirga nonuwa, takwas.
Cinya cike, gadon baya kamar burodin Agege
wanda bai kwana ba.
Na ce, "Nuna mini uwarta."
Ga ta can kwance, bakwai na tsotso, ko ɗaya ba ta yar ba.
Mai neman 'ya, uwa yake fara dubawa.

Biyu na ɗauka, ita da wata mai ruwan toka, Cincila,
wadda aka haifa nan, kakarta ma nan,
ta san damina, ta san daren da babu wuta babu iska.

Namiji fa? Iya ta girgiza kai.
"Ba daga gidana ba. Duk jinin nan ɗaya ne.
Je ka Ikorodu wurin Barau mai walda,
nasa ba su taɓa jin warin nawa ba."
Mai sayarwa ta kore ni da kuɗina a aljihu!
Nan na san hannun da na faɗa.

A danfo, kwali a cinya, na huda masa ƙofofin iska.
Kwandasta na ihun Oshodi, su kuwa shiru,
hanci kawai ke motsi kamar masu tasbihi.
Tasalla ta ce za ta raɗa musu suna.
Na ce waɗannan biyun ki raɗa, za su daɗe tare da mu.
'Ya'yansu kuwa, kada ki soma.
Ta yi shiru har muka wuce gadar sama,
sannan ta ce, "To ɗaya kawai, Baba."
Ban amsa ba. Ina lissafin ganyen dankali.